Daga Jos Zuwa Ikom: Malamin Dajin Da Ya Ƙirga Duwatsun Tarihi, Da Abin Da Ya Shafe Mu A Ciki



A shekarar 2023 wani gidan adana kayan tarihi a Amurka mai suna Chrysler, da ke birnin Norfolk, ya miƙa wa Najeriya wani dutse sassaƙaƙƙe mai fuskar mutum, wanda asalinsa daga yankin Ikom yake a jihar Kuros Riba. Abin da ya tabbatar da cewa namu ne, wani tsohon hoto ne da aka ɗauka a 1961, dutsen yana tsaye a ƙauyensu. Wanda ya ɗauki hoton sunansa Philip Allison. Ma'aikacin gandun daji ne, malamin daji kamar yadda muke cewa a gida, bai yi karatun tono kayan tarihi a wata jami'a ba. Da kansa ya koya wa kansa, yana yawo cikin kurmi.

Ni haifaffen Jos ne, neman abinci ya kawo ni kudu kamar yawancinku, kuma zaren wannan labari a Jos aka fara saƙa shi. Ina so in warware muku shi tun daga tushe, domin akwai inda ya biyo ta ƙofar shagunanmu da bayan motocinmu.

Abin ya faro ne a ramukan kuza

Duk wanda ya san Jos ya san kuza ce ta kafa garin. Tun kafin zuwan Turawa mutanenmu na narkar da ita a Liruwe. Da kamfanonin Ingila suka shigo a farkon ƙarni na 20, sai aka buɗe ramuka a Bukuru, Barikin Ladi, Naraguta, har zuwa ƙasar Jama'a. Leburori suka kwararo daga Kano, Katsina, Zazzau, Bauci da Borno, ga 'yan ƙasa, ga mutanen kudu. Kakannin da yawa daga cikinmu ta nan suka zama 'yan Jos.

Kuza a cikin tsohon yashin kogi take kwance, sai an yaye ƙasa mai zurfi kafin a kai gare ta. To, a wajen wannan haƙa ne aka riƙa ciro abubuwan da ba kuza ba: gatarin dutse, tsakiya, fasassun tukwane, da kawunan mutane na gasasshen yumɓu. A 1928 aka ciro wani ɗan ƙaramin kai kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba ta kudancin Kaduna. Wani Bature mai ramin kuza, Kanar Dent Young, ya karɓa ya kai Jos aka ajiye. Wajen 1943 kuma aka ciro wani kan a yankin Jama'a. Wani akawun kamfani ya kai shi gonarsa ta doya, ya kafa shi a matsayin mutum-mutumi. Ku ji fa! Kan da ya haura shekara 2,000 a duniya yana gadin doya.

Daga gonar nan kan ya isa hannun Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulki da aka turo Jos a 1939. Shi ya yi karatun fannin a jami'ar Kambirij, sai dai aikin ofis aka ɗauke shi. Da ya haɗa kan nan da na 1928, sai ya ga hannu ɗaya ne: idanu masu kusurwa uku, ƙwayar ido a huje, kitso na ƙawa. Ya sa wa al'ummar da ta yi su sunan Nok. Daga nan ya bi ramuka yana roƙon masu kamfani da leburori cewa duk wanda ya ci karo da irin wannan kada ya fasa, ya kawo. Sunan Fagg ya shiga littafi. Waɗanda suka tsamo kawunan daga taɓo da hannunsu, masu diga da kwano, ba a rubuta sunayensu ba. Amma ba don idonsu ba, da yau babu labarin Nok.

Binciken da jami'ar Goethe ta Farankfot a Jamus ta fara a 2005 ya nuna al'ummar Nok ta faro ne tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Taruga, kusa da Abuja, Fagg ya tono murhun narkar da ƙarfe nasu a shekarun 1960.

Malamin zane da gidan tarihin Jos

Akwai mutum na biyu da ya kamata a sani, Kenneth Murray. Koyar da zane ya kawo shi Najeriya a 1927. Yana zagaya makarantu sai ya ga sassaƙe-sassaƙe na rubewa, gara na ci, wasu kuma ana lodawa a jirgin ruwa zuwa Turai. Ya dami gwamnati da takardu har a 1943 aka ba shi muƙamin mai kula da kayan tarihi na ƙasa, shi ne na farko. A 1947 Fagg ya zama mataimakinsa. A 1952 aka buɗe gidan tarihin Jos, a 1953 aka yi dokar kayan tarihi, a 1957 aka buɗe na Legas da ke Onikan, kuma a shekarar Fagg ya gaji Murray a shugabancin hukumar.

Wanda bai taɓa shiga gidan tarihin Jos ba, in ya je gida ya daure ya leƙa. Ban da kawunan Nok, akwai zauren tukwane, akwai tarin littattafan Larabci rubutun hannu, akwai kuma filin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya na Babban Gwani. A Jos ɗin aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi na Afirka a 1963.

Malamin daji ya shiga kurmi

Yanzu mu gangaro kudu. Tsakanin Ikom da Ogoja akwai ƙauyukan al'ummar Bakor, irin su Nta, Nselle, Nde, Nnam, Abanyom da Ekajuk. A cikin dazukansu akwai duwatsu a tsaye, galibi an jera su a da'ira, suna fuskantar juna kamar dattawa a fada. Wasu ba su wuce gwiwa ba, wasu sun kusa mita 2. Yawancinsu baƙin dutse ne mai tauri, wasu kuma farar ƙasa. An sassaƙa musu ido da hanci da baki da gemu, da tsagar fuska, da wata babbar cibiya a ƙasa. Mutanen Nta da Nselle na kiran su akwanshi, wato mamacin da ke cikin ƙasa. Mutanen Nnam kuma atal suke cewa, wato dutse kawai. Wani jami'in mulki, Charles Partridge, ya ambace su a littafinsa na 1905, amma aka yi fiye da shekara 50 babu wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Lokacin Fagg na shugabancin hukumar ne aka ba Philip Allison wannan aiki. Dalilin zaɓensa a fili yake. Ya shafe shekaru yana aikin gandun daji a kudancin Najeriya, ya san kurmi, ya san awo da zana taswira, ya san yadda ake zama da dattawan ƙauye. Aikin malamin daji ai ƙirga itatuwa ne: wace iri ce, ina take, nawa ne kaurinta. Wannan hikimar ya ɗauko ya ɗora a kan duwatsu.

Tsakanin 1961 da 1962 ya bi ƙauyukan nan. A sare ciyawa, ya auna dutse, ya ɗauki hoto, ya rubuta inda yake tsaye da waɗanda ke kusa da shi, sannan ya tambayi dattawa ko dutsen na da suna. Ya ƙirga kusan 300. A 1968 hukumar ta buga rahotonsa da suna Cross River Monoliths, a shekarar kuma ya fitar da littafinsa African Stone Sculpture.

A ƙasar Nta an shaida masa cewa kowane dutse na tsaye ne a madadin wani basarake da ya shuɗe. Sai ya yi lissafi da jerin sarakunan, ya ƙiyasta cewa an fara sassaƙar ne wajen ƙarni na 16. Daga baya Ekpo Eyo, ɗan Kalaba da ya shugabanci hukumar daga 1968 zuwa 1986, ya yi tono a yankin, aka auna gawayin da ya samu, awon ya nuna wajen shekara ta 200 miladiyya. Masana na ta muhawara a kan tazarar nan har yau. Sai dai kowane ɓangare da takardun Allison yake kafa hujja, domin shi ne ya ga duwatsun a mazauninsu kafin ɓarna.

Kuma ya yi a kan gaɓa. Shekara 5 bayan kammala aikin yaƙin basasa ya ɓarke, daga 1967 zuwa 1970. Lokacin yaƙin da bayansa aka fara kwashe duwatsun ana tsallakawa da su Kamaru, wadda ke nan kusa da Ikom, daga can sai Turai da Amurka. Wanda ya yi wa ɓarayi nauyi, sai su yanke rabin sama mai fuska su bar gindin a ƙasa. Akwai wanda samansa ke babban gidan tarihin Metropolitan a birnin Niyok, gindinsa kuma masu bincike suka tarar da shi a ƙauyen Ntitogo. Ban da sata, ga ƙunar daji: wuta ta gasa dutse, ruwa ya sauka a kai, sai ya tsage fuskar ta ɓare. A 2007 Najeriya ta sa duwatsun cikin jerin da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Sanagal da Gambiya sun samu wannan matsayi ga nasu da'irorin duwatsun tun 2006.

Me ya sa ɗauke dutse ɓarna ne?

Wani zai ce, to in an kai shi Turai ai ana shafe shi, yana cikin sanyi, ina asarar? Ga inda take.

Mai binciken tarihi ƙasar da ke kewaye da abu yake karantawa. Ƙasa hawa-hawa take taruwa, na ƙasa ya girmi na sama. In an samu gawayi ko ƙwayar gero da ta ƙone a gindin dutse, ana iya auna ta a ɗakin gwaji, domin duk mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ke raguwa da rabi duk bayan shekara kusan 5,730 daga ranar da ya mutu. Da ragowar ake lissafa shekaru. Dutse kuwa bai taɓa rai ba, ba a auna ranar da aka sassaƙa shi ta wannan hanya. Shekarunsa na jikin gawayi da fasassun tukwanen da ke ƙarƙashinsa. Ranar da aka tumɓuke shi, an raba shi da shaidunsa ke nan. Kamar a tsinci takardar gida ce babu sunan unguwa, babu sa hannun mai unguwa, babu shaidu.

Haka aka yi wa Nok. A shekarun 1990 aka yi rububin tono a kudancin Kaduna, matasa na haƙa dare da rana, dillalai na biyan su abin da bai taka kara ya karya ba. Da Jamusawa suka zo bincike, sun tarar mafi yawan wuraren an riga an birkice su. A shekarar 2000 aka baje wasu kayan Nok a gidan tarihin Luba na birnin Faris, aka yi ta cece-kuce, har a 2002 Faransa ta amince mallakar Najeriya ce, amma aka bar mata su aro na shekara 25. A 2000 ɗin ne ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Nok da na yankin Sakkwato da Katsina a jerin waɗanda aka fi sacewa.

Filato ma na da nata

Kada a ɗauka sai kudu ake da duwatsun tarihi. A ƙasar Bokkos, a Butura da Tading da Forof, akwai tsofaffin gadoji da aka gina da zallar duwatsu, babu siminti, kuma suna cikin wuraren da gwamnatin tarayya ta ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa. A kogon Rop, wajen Barikin Ladi, Fagg ya tono ƙananan kayan aiki na dutse a 1944, Ekpo Eyo ya sake tono wurin a 1964. A Birnin Kudu ta Jigawa akwai zanen shanu a jikin duwatsu, can kuma Fagg ya rubuta labarin duwatsun da ke amo kamar kuge in an buga su, a 1955. A Geji ta Bauci ma akwai zanen. Dutsen Riyom da kuke gani a hotuna shi ikon Allah ne, ba hannun mutum ya jera shi ba, amma shi ma abin tsarewa ne.

Abokin gaban waɗannan ya bambanta da na Ikom. Su masu fasa dutse ne da masu neman ma'adinai. Tifa ɗaya ta tsakuwa kan iya tafiya da abin da ya shekara ɗaruruwa a tsaye, mai fasawa bai ma san ya yi ba.

To, ina ruwanmu?

Na san abin da ke ran wasu: ai gumaka ne. Gaskiya ne, mutanen Alok har yau suna shafa wa duwatsun launi, su ba su sakwara lokacin bikin sabuwar doya. Wannan al'adarsu ce, babu wanda ya ce mu taya su. Maganar da nake yi ta amana ce da haƙƙin maƙwabtaka. Kayan mutane ne, a ƙasarsu muke ci muke sha. Mu tambayi kanmu, yaya za mu ji in aka wayi gari an ciro ƙyauren ƙofar gari a Kano an kai kasuwa, ko an ɓalle wani abu daga hasumiyar Gobarau ko rijiyar Kusugu?

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya. Fataucin sassaƙe da kayan gargajiya sana'a ce da aka san Hausawa da ita daga Legas har Abijan da Duwala, kuma mafi yawan masu yin ta halak suke nema, sabon sassaƙe da tsakiya da kayan fata suke sayarwa. Amma da ɗan gari kan ci gari. Mai son tsohon abu daga waje bai san hanyar ƙauye ba, sai ya nemi dillali, dillali ya nemi direba. Na taɓa zama a wata tasha inda wani direban mu ke ba da labari cewa an yi masa tayin kuɗi mai kauri ya sa “wani dutse” a ƙarƙashin lodin ayaba. Ya ce da ya ga kuɗin sun fi na ayabar gaba ɗaya, sai jikinsa ya ba shi, ya ce a kai kasuwa. Da ya ɗauka aka kama, wa zai kwana a ofishin 'yan sanda? Shi. Mai kayan yana can a otal. Kuma kun san yadda zamanmu yake a nan: laifin mutum ɗaya, washegari a ce “Hausawa sun sace”, shagon da bai ji ba bai gani ba ya sha wuta.

Abin da doka ta ce, da abin yi

Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ita ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM. A ƙarƙashinta, duk aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 kayan tarihi ne, haka ma abu mai daraja da aka yi amfani da shi a bikin gargajiya, da duk abin da aka tono na mutanen da. Ba a saye ko sayar da su sai ta hannun wanda hukuma ta amince da shi, ba a tono sai da izini, ba a fita da su waje sai da takarda. Wannan ya haɗa da tsofaffin littattafan kakanninmu na Larabci da ajami, ga masu tunanin kai su kasuwa.

Saboda haka ga shawarata. Mai sayar da sabon sassaƙe, in mai saye zai fita da shi waje, ka tura shi gidan tarihi ya karɓi takardar shaidar cewa ba tsoho ba ne, ka huta da kwastan. Direba, kada ka ɗauki kayan da ba a yarda ka buɗe ba. Mai haƙar rijiya ko yashi ko harsashin gini, kuma mun san 'yan uwanmu ne suka fi yawa a wannan aiki a kudu, in ka ci karo da tukunya ko sassaƙe, dakata. Kada ka ciro, kada ka wanke. Ɗauki hoto da wayarka yana inda yake, ka gaya wa mai wurin da Sarkin Hausawa, a sanar da gidan tarihi mafi kusa. Akwai a Onikan ta Legas, akwai a Ibadan, Benin, Inugu, Fatakwal, Oron da Kalaba. 'Yan Bogobiri, naku yana nan a tsohon gidan Razdan.

Allison da ƙafa ya yi aikinsa, da tef ɗin awo da kyamara da littafin rubutu, kuma hoton da ya ɗauka ya dawo da dutse gida bayan shekara 62. Wayar da ke aljihun kowannenmu yau ta fi kyamararsa, har wurin da aka tsaya tana iya nunawa. Masu zuwa gida hutun Sallah, in akwai kufai ko tsohuwar ganuwa ko rijiya ko maƙera a garinku, ku ɗauki hotonta, ku zauna da tsoho ku rubuta sunanta da abin da ya sani a kai, ku sa kwanan wata. Ba a neman digiri kafin a yi wannan.

Allah Ya tsare mu da dukiyar da za ta zame mana bala'i, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu. Amin.